ƘOTA DA ABIN DA YA KAMATA A SHAFA MATA

Yau maganarmu a kan wani ƙaramin abu ce, wanda ko wanenku ya bari jingine a zaure ko a gindin rumbu. Watau ƙota, wadda waɗansunmu na nan yamma su ke ce wa ɓota. Na san wani zai ce a ransa, "Ashe ƙota ma har ta isa a tara magidanta a kanta?" To, ɗan'uwa, buɗe tafin hannunka ka duba. Kantar nan da ka ke gani, ba ƙarfe ya yi maka ita ba. Ƙarfe ƙasa ya ke taɓawa. Ƙota ita ce ke taɓa ka, tun daga shuka har girbi.

In mutum ya je sayen fartanya wurin maƙeri, sai ka ga ya juya ruwanta, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne. Amma ƙota, ko kallo ba ta ishe shi ba. In ma ya kula da ita, sai ya zaɓi wadda ta fi ƙyalli. Abin da na ke so ka riƙe daga jawabin nan guda ɗaya ne. Ƙota abin da ke shiga cikin jikinta ta ke so, ba abin da ke kwantawa a bayanta ba.

DALILIN MAGANAR

Kun sani damina a ƙasarmu gajeruwa ce. Daga Moriki har Zurmi, daga Ƙauran Namoda har Shinkafi, ruwa ya kan zauna wajen watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Wata huɗu ke nan, in an yi sa'a. Noman fari kuwa ba ya jiran kowa. Wanda ya yi latti da mako guda, ciyawa ta riga shi.

Mu ɗauka manoma biyu ne maƙwabta. Na fari ya ɗauko fartanyarsa inda ya yar da ita tun kaka. Rana ta gasa ƙotar, ta yi kaushi, ta tsattsage. Ran da ya fara noma, kafin azahar tafinsa ya yi bororo. Kashegari bororon ya fashe, ƙasa ta shiga, hannu ya kumbura. Kwana biyar yana zaune a gida yana duban hadari. Na biyu kuwa tun da bazara ya kankare tasa, ya shafe ta, ya rataye a inuwa. Ya gama noman fari, har ya shiga maimai. Ƙarfensu ɗaya, gonarsu ƙasa ɗaya. Bambancinsu bai wuce cokali biyu na mai ba.

Wannan na fartanya ke nan. Na gatari ya fi muni, gama gatarin da ya kwance daga ƙota ba ya zaɓen inda zai faɗa. Ga shi kuma itacen kirki ya yi wuya. Marke da ƙirya da kanya da aduwa, waɗanda kakanninmu ke sarowa a bayan gari, yanzu sai an yi nisa, shiga daji kuwa ba shi da sauƙi kamar dā. Saboda haka ƙotar da ke hannunka ta cancanci a tsawaita kwananta.

HALIN ITACE

Kafin mu zaɓi abin shafawa, sai mu san halin wanda za a shafa wa. Itace ko an sare shi bai daina shan ruwa ba. Da damina ya kan sha laimar iska ya kumbura. Da hunturu ya kan amayar da ita ya tsuke. Shi ya sa ƙyauren katako ya kan cije a watan Agusta, ya yi sako-sako a watan Janairu.

Cikin itace akwai jijiyoyi ƙanana da ke bin tsawonsa, kamar damin kara. Bakunansu suna can a kai da gindi, inda aka yanke. Ta nan ruwa ya ke fita da sauri, sau goma ko fiye bisa ga yadda ya ke fita ta gefe. In baki ya bushe ya tsuke alhali ciki da sauran laima, sai itacen ya tsage. Duba tsofaffin ƙotocinka, za ka ga tsagar daga baki ta faro.

Ka tuna kuma yadda a ke ɗora fartanya da gatari irin namu. Maƙeri ya kan gasa wutsiyar ƙarfen har ta yi ja, ya huda kan ƙota da ita. Ramin nan shi ne ran ƙota. In itacen ya tsuke, ƙarfe ya yi girgiɗi. Mutane da yawa su kan jiƙa gatari a ruwa ya kwana don ya kama. Lalle ya kan kama, amma na yini ɗaya ne ko biyu. Itacen da ya kumbura ya matsu da ƙarfe, jijiyoyinsa sun murƙushe, ba su komawa yadda su ke. In ya bushe sai ramin ya fi dā faɗi, ga tsatsa kuma. Wannan magani ne mai ƙara ciwo.

Aikin abin shafawa ke nan: ya rage saurin shigar ruwa da fitarsa, ya kwantar da kaushi, kuma kada ya cuci hannu. Bari mu auna abubuwan da a ke shafawa bisa ga waɗannan uku.

FENTI DA BANISH

Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, kayan kanti suka yawaita a kasuwanninmu. Shebur da diga da guduma su kan zo da ƙota mai sheƙi kamar madubi. Abin da aka shafa mata shi ne banish. Shi da fenti halinsu ɗaya: ba su shiga itace, riga su ke yi masa.

Rigar nan tana da amfani ga mai kanti, domin tana hana kaya yin dauɗa kafin a saya. Tana da amfani ga tebur da kujera. Amma ga mai noma kyan ɗan maciji ne. Ga dalilai uku.

Na ɗaya, itace tsirara ya kan tsotse zufa, banish kuwa ba ya tsotsewa. Zufa sai ta kwanta tsakanin tafi da ƙota. Wani lokaci ta yi santsi, wani lokaci ta kama fata tana ja. In ƙota na santsi, dole ka ƙara damƙa, hannu ya gaji da wuri. In tana jan fata, ga bororo.

Na biyu, itace yana motsi, rigar ba ta iya binsa har abada. Bayan damina da hunturu sai ta fashe, ta soma ɓarewa. Ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, bakin ɓawon kuma ya riƙa cin hannu.

Na uku, fenti mai rufa asiri ne. Ƙota mai ido, ko mai tsaga, ko wadda ƙwari suka huda, in an lulluɓe ta da ja ko kore, ba ka ganewa sai ran da ta karye. Kada ka sayi ƙotar da ba ka ga jikinta ba.

Har wa yau, akwai fentin da a ke haɗawa da dalma. Mutanen Zamfara ba su bukatar a gaya musu sharrin dalma, tun abin da ya auku a 2010 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400. Ɓawon fenti bai kai wannan ba, amma guba ɗaya ce, yaro kuwa kome ya samu baki ya ke kaiwa.

In kana so ka shaida kayanka ran gayya, ɗiga fenti kaɗan can kusa da ƙarfe, inda hannu ba ya zuwa. Wannan ya isa.

BAƘIN MAI

Na biyu shi ne baƙin mai, wanda a ke juyewa daga mota da babur da injin ban ruwa. Mutane suna sonsa don kusan kyauta ne, gara kuma ba ta cika son itacen da ya sha shi ba. Amma ƙota ba dirkar rumfa ba ce. Man nan ba ya bushewa. Kullum rana ta yi zafi sai ya tsattsafo ya koma tafinka. Cikinsa kuwa akwai ƙurar ƙarfe da dattin ƙonewar inji.

Ga abin da ya faru a wata ƙasa. Audugar da a ke saye a ƙasar Hausa zamanin Turawa, da yawanta Ingila a ke kai ta, yankin Lankasha, inda masaƙu su ke. Masu tsaron injin kaɗi a can, man inji ya kan jiƙa musu tufafi kullum. A 1922 likitocin birnin Mancesta suka bayyana cewa ciwon daji na fata da ke kama mutanen nan, daga man ya ke. Ba rana ɗaya ya ke kamawa ba, sai bayan shekaru. Man inji na yanzu an fi tace shi, amma wanda ya ƙone cikin inji ya yi baƙi, masana sun gwada shi a fatar dabbobi, sun ga yana kawo irin ciwon nan.

To, ka tuna da hannun nan ka ke cin tuwo, da shi ka ke dama fura a gona, da shi ka ke ɗaukar ɗanka. Araha ba ta ado. Baƙin mai a bar shi nesa da ƙota.

MAN DA KE SHIGA JIKI

Saura na uku, shi ne abin da na ke yi maka nasiha da shi: man da a ke samu daga tsiro. Shi ya kan bi jijiyoyin itace ya shige, ya bar bayan ƙota yadda hannu zai ji itace. Ba ya ɓarewa, domin ba shi da ɓawo. In ya ƙare sai a ƙara, ba sai an kankare na dā ba. Shi ma iri biyu ne.

Akwai mai bushewa. Babbansu shi ne man linsid, wanda a ke matsewa daga 'ya'yan tsiron nan da a ke yin lilin da zarensa. Akwai kuma man tung, na wata itaciya ta ƙasar Sin. Irin wannan mai in ya sha iska sai ya daskare cikin itacen, ya zama kamar ƙaro. Shi ne ya fi daɗewa, shi ne kuma masassaƙan ƙasashe da yawa su ke shafa wa ƙotar gatari. Wurin masu sayar da fenti a manyan garuruwa a kan neme shi. Ɗanyensa ya kan yi kwanaki kafin ya bushe. Wanda a ke ce wa dafaffe, an zuba masa magani ne don ya bushe cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai kuma wanda ba ya bushewa, shi ne namu na gida: man gyaɗa, man kaɗe, man ja, man darbejiya. Waɗannan ba su daskarewa cikin itace, saboda haka zufa da ruwa su kan wanke su sannu a hankali, sai an riƙa maimaitawa. Amma suna kusa, ba su kuwa cutar da fata. Ga halin ko wanne.

Man kaɗe shi ne na gaba. Yana da kauri, ba ya saurin yin ɗoyi, ga shi kuma yana gyara hannun mai shafawa.

Man gyaɗa yana shiga da kyau, amma in ya yi yawa ya kan canza wari, ya kira ɓera da kiyashi. A sa kaɗan, a goge sarai.

Man darbejiya, watau dogon yaro, wanda waɗansu ke kira bedi, yana da ɗaci da wari, ƙwari ba su sonsa. Ya dace da ƙotar da za a ajiye tsawon rani.

Man ja yana rina hannu da riga. Man shanu kuwa, ko da ya ke makiyaya su kan shafa wa sandunansu, yana saurin yin wari. Sanda kullum tana hannun mai ita, fartanya kuwa wata bakwai ta ke yi a ajiye.

In wani ya miƙo maka kwalba ya ce mai bushewa ne, ga yadda za ka gwada. Shafa ɗigo ɗaya a kan fasasshiyar kwalba, ka ajiye inda iska ke bugawa. Bayan mako guda ko biyu ka taɓa. In ya yi fata, gaskiya ya faɗa. In yana nan ruwa, ba shi ba ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

KAKIN ZUMA

Akwai abu guda da ke ƙara wa man gida ƙarfi, shi ne kakin zuma, wanda masu ɗiban zuma su kan zubar bayan sun tace. Ka sami kaki awo ɗaya, mai awo huɗu, ko da cokali ka auna ko da ɗan gwangwani. Zuba su a gwangwani, ka tsoma gindinsa cikin tukunyar ruwan zafi har su narke su haɗu. Kada ka ɗora bisa wuta kai tsaye, domin kaki yana kamawa. In ya huce sai ya zama kamar man shafawa. Mai ya shiga ciki, kaki ya tsaya a bakin jijiyoyi ya tare ruwa. Gwangwanin madara guda ya ishi kayan gida duka har shekara.

YADDA A KE YI

1. Fara da busasshen itace. Ka sari ƙota da kaka don damina mai zuwa. Ka bar ta da ɓawonta a inuwa, ka toshe bakunan biyu da kaki don kada su tsage. Ɗanyen itace ba ya shan mai, gama cikinsa cike ya ke da ruwa.

2. Kankare ta. In ta kanti ce, cire banish ɗin duka. Wuƙa ta isa, ko gefen fasasshiyar kwalba, sa'an nan a bi da takarda mai yashi irin ta kafintoci. Bi tsawon itacen, kada ka gicciye. Kada ka bar sartse ko ɗaya. In fenti ne a jiki, jiƙa shi tukuna don kada ƙurarsa ta tashi, kuma a yi nesa da yara.

3. In ka ga dama, gifta ta bisa harshen wuta kaɗan, har ta yi ja-ja. Wannan yana ƙone gashin itace. Amma kada ta yi baƙi, gama gawayi ba shi da ƙarfi.

4. Ajiye ta a rana kaɗan ta yi ɗumi, kāna ka shafa mai da tsumma. Ka fi ba da ƙarfi a kai da gindi da bakin ramin ƙarfe. Nan za ka ga tana sha kamar ƙasar bazara. Ba ta har ta ƙoshi.

5. Jira kamar minti 20, sa'an nan ka goge duk abin da ya rage a bayanta da busasshen tsumma. Nan ne mutane su ke kuskure. Man da itace bai sha ba, ba shi da sauran amfani, danƙo kawai zai yi, ya tara ƙura.

6. Bari ta kwana, ka sake. Sau uku ya isa ga sabuwar ƙota.

7. Daga ƙarshe murza ta da ƙashi mai sulɓi ko dutsen gulbi, yadda mai ginin tukwane ke goge tulu. Za ta yi laushi a hannu ba tare da santsi ba.

Bayan wannan, sau biyu a shekara ya wadatar: da kaka in an gama aiki, kafin iskar hunturu ta taso, da kuma ƙarshen bazara kafin ruwan shuka.

KO WACE ƘOTA DA NATA

Fartanya da galma da sungumi da lauje, waɗanda ke yini a hannu cikin zufa, a ba su man kaɗe da kaki, ko linsid in an samu.

Gatari da gizago da diga, waɗanda a ke ɗagawa a sara, a ba su mai, amma a rage kaki inda a ke riƙewa, kuma a goge su ƙwarai. Santsi a nan hatsari ne. In ƙarfe ya riga ya yi girgiɗi, mai ba zai gyara ba, sai a koma wurin maƙeri.

Kayan masu aikin fadama, irin na bakin Gagare da Bunsuru, da ke shiga ruwa da laka kullum, su ne suka fi bukatar mai bushewa. In babu, a riƙa maimaita na gida ko wane wata.

Wuƙar gida da muciya da taɓarya, da duk abin da ke taɓa abinci, kada a sa musu kome sai man da a ke ci, ko kaki. Dafaffen linsid ba na ci ba ne.

Zarto da sauran kayan kafinta da ke zaune a rumfa, in sun zo da banish mai kyau, ba laifi a bar su.

GARGAƊI A KAN WUTA

Mai amfani da linsid, ga abin da ba a wasa da shi. Sa'ad da man nan ke bushewa, zafi ya ke fitarwa. A jikin ƙota ba ka ji, domin iska na kwashewa. Amma in ka dunƙule tsumman ka jefa a lungu, zafin ya kan taru a ciki har ya kama wuta da kansa, ba ashana, ba garwashi. A 1991, a birnin Filadelfiya na Amurka, tsummokin linsid da ma'aikata suka bari a tare suka tayar da gobara a wani bene mai hawa 38. Masu kashe wuta uku suka rasu. To, in benen ƙarfe da siminti bai tsira ba, ina ga ɗakin kara da rumbun gero? Shanya tsumman a buɗe bisa ƙasa a fili har ya bushe ƙayau, ko ka tsoma shi a ruwa, ko ka ƙone shi kana tsaye.

ƘARSHEN MAGANA

Kada in bar ka da zaton mai shi ne kome. Mai yana rage saurin ruwa ne, ba ya hana shi ɗungum. Ƙotar da ta sha man duniya, in ta kwana a ƙasa gara za ta same ta, in ta yini a rana za ta tsage. Kafa ƙusa ko maratayi a zaure, ka rataye kayanka a inuwa. Kankare laka kafin ka ajiye. Hannunka kansa yana taimako, shi ya sa ƙotar da ta daɗe a hannun tsoho ta kan yi baƙi-baƙi mai sulɓi, irin wanda ba a sayarwa a kanti.

Yanzu ga aikin da na ba ka. In ka koma gida, ɗauko ƙotoci biyu. Gyara ɗaya yadda muka faɗa, ka bar ɗayar yadda ta ke. Tun da ka iya rubutu, rubuta ranar a takarda ka ajiye. In damina ta wuce, ka dube su, ka dubi tafinka, sa'an nan ka gaya wa maƙwabcinka abin da ka gani. Tun ran gini ran zane.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu kwana nan.